Kurakuran da aka fi yi a sharaɗin zaɓen kotu cikin yarjejeniyar kadara

Sharaɗin da ke faɗin kotun da za ta saurari rikici yakan zo can ƙarshen takarda, bayan ido ya gaji da karatu. Galibi ma kwafo shi ake yi daga wata tsohuwar yarjejeniya.

Kuskure mafi tsada shi ne zaton duk kotun da aka rubuta, shi ke nan magana ta ƙare. Doka ce ke ba kotu hurumi, sa hannun mutum biyu ba ya ƙara mata ikon da ba ta da shi. In gardamar ta mallaka ce, wato wa ke da filin, ina iyakarsa, sunan wa ya kamata ya kasance a rajista, to kusan ko'ina kotun wurin da kadarar take ce ke da ta cewa. Kotun ƙoli ta Ingila ta wancan zamani ta tsayar tun 1893 cewa kotunan ƙasar ba sa yanke hukunci kan mallakar fili da ke wata ƙasa. Sashe na 24 na dokar Tarayyar Turai mai lamba 1215/2012 ya keɓe irin wannan ƙara ga kotunan inda kadarar take, har da haya, in ban da hayar zaman ɗan lokaci da ba ta wuce wata shida ba, bisa wasu sharuɗɗa. Dalilin a fili yake: ofishin rajista da jami'an da za su fitar da mutum daga gida ba sa bin umarnin alƙalin wata ƙasa. Gyaran shi ne a raba sharaɗin gida biyu: batun mallaka da fitarwa a bar wa kotun wurin, batun ragowar kuɗi da diyyar saɓa alkawari a kai kotun da aka zaɓa.

Sai masu haɗa doka da kotu. «Dokar ƙasa kaza ce za ta yi aiki» bai zaɓi kotu ba ko kusa. Kowanne na son jimlarsa.

Kalma ɗaya takan rusa komai. «Ana iya kai ƙara kotu kaza» izini ne kawai, abokin ciniki na iya riga ka zuwa wata. A rubuta «ita kaɗai». Haka nan «rikici kan wannan yarjejeniya» ya yi ƙunci, don mai ƙara zai ce yaudarar da yake kuka da ita kafin sa hannu aka yi ta. A faɗaɗa: duk rikicin da ya taso daga yarjejeniyar ko ya shafe ta, har da ingancinta da soke ta.

Ciniki ɗaya yakan zo da takardu uku: ta sayarwa, ta jingina da banki, ta haya. A jera su a tebur a karanta sharaɗin kowacce. In sun saɓa, a bayyana wadda ke gaba. In kuma akwai sharaɗin sasanci, wato miƙa rikici ga wani da ɓangarorin suka amince da shi ya yanke hukunci a wajen kotu, a ce sasanci ne ke yanke rikicin, aikin kotu bai wuce umarnin gaggawa, kamar hana sayar da gidan, da zartar da hukunci ba.

Kuskure na ƙarshe a kotu ake yin sa. An kai ka wurin da ba a zaɓa ba, lauyanka ya shigar da kariya kan gundarin ƙarar bai ce uffan kan hurumi ba. A tsarin shari'a da yawa wannan amincewa ce, sharaɗin ya faɗi. Ƙorafin hurumi shi ake fara shigarwa, cikin wa'adin da ƙa'idojin kotun suka gindaya, tare da kwafin yarjejeniyar mai sa hannu.