Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Neman Araha da Yadda Ake Gyara Su

Mafi yawan masu neman araha suna auna ribarsu ne da ragin da mai kaya ya ambata, alhali ma'aunin gaskiya shi ne kuɗin da ya fita daga aljihu da kuma amfanin da aka samu daga abin da aka saya. Daga wannan ruɗani ne akasarin kurakuran sayayya ke tasowa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne amincewa da tsohon farashin da aka ja wa layi aka rubuta sabo a gefensa. Lambar da ido ya fara gani takan zama ma'auni a zuciyar mutum, ko da ba ta da tushe, kuma masana halayyar ɗan Adam biyu, Amos Tversky da Daniel Kahneman, sun bayyana wannan ɗabi'a tun a shekarar 1974. Masu shaguna sun san haka sarai, shi ya sa wasunsu ke ɗaga farashi na ɗan lokaci sannan su sauke shi da sunan rangwame. Al'amarin ya kai ga Tarayyar Turai ta wajabta, daga shekarar 2022, cewa duk wanda zai tallata ragi sai ya nuna farashi mafi ƙanƙanta da ya sayar da kayan a cikin kwanaki 30 da suka gabata. Inda babu irin wannan doka, mai saye ne zai kare kansa, ta hanyar rubuta farashin kayan da ya fi saya a takarda ko a waya, domin ya riƙa kwatanta rangwamen yau da abin da ya biya da hannunsa a watan jiya.

Lissafin kashi cikin ɗari ma yana yaudarar mutane, har da masu ilimi. Idan aka ƙara wa kaya kashi 25 cikin ɗari sannan aka rage kashi 20, farashin ya koma daidai inda yake tun farko, ba a rage ko sisi ba. Idan aka ce an yi ragin kashi 50 sannan aka ƙara ragin kashi 20 a kai, jimillar ragin kashi 60 ne, domin na biyun ana cire shi ne daga rabin da ya saura. Tallan da ke cewa a sayi ɗaya a samu na biyu a rabin kuɗi kuwa ragin kashi 25 ne kawai, kuma sai mutum ya ɗauki biyu ko da ɗaya yake bukata. Kalmomin "har zuwa" da ake liƙawa a gaban babbar lamba su ma abin lura ne, don sau da yawa kaya ƙalilan ne ke da wannan ragin.

Na gaba shi ne kwatanta farashin kwali da kwali ba tare da duba nauyi ko yawan abin da ke ciki ba. Kamfanoni sukan rage abin da ke cikin kwali su bar farashi da girman kwalin yadda suke. Kayan da aka rage daga giram 500 zuwa 450 a kan tsohon kuɗi ya yi tsada da kusan kashi 11 cikin ɗari, ba tare da an taɓa lambar da ke jikinsa ba. Gyaran shi ne a raba kuɗin da nauyin, a san kuɗin kowane giram 100 ko kowace lita. Wanda ya saba da wannan lissafi zai gane cewa babban kwali ba kullum yake fin ƙarami sauƙi ba.

Sayen sari yana da riba, amma a kan kayan da ba sa lalacewa kuma ake da wurin ajiye su. Wanda ya samu ragin kashi 20 a kan kaya mai saurin lalacewa, sannan kashi ɗaya cikin huɗu ya ruɓe kafin a yi amfani da shi, ya biya fiye da wanda ya saya kaɗan-kaɗan. Hanya mafi dacewa ita ce gidaje biyu ko uku su haɗa kuɗi su saro su raba. Haka kuma a riƙa sanya kuɗin mota da lokacin da aka ɓata a cikin lissafi kafin a tafi nesa neman ɗan ragi.

Shiga kanti ba tare da jerin abin da za a saya ba yana barin mai kanti ya yi wa mutum zaɓi. A manyan kantuna akan jera kayan da suka fi kawo riba daidai saitin ido da kuma kusa da wurin biyan kuɗi, masu sauƙin kuwa sai an sunkuya ko an ɗaga kai. Abin da ba ya cikin jerin, a jinkirta shi zuwa gobe. Mafi yawan irin wannan sha'awa ba ta kwana.

Inda ake ciniki, kuskure biyu ne ke karo da juna. Wasu suna yin tayi kafin su tambayi farashi a wurare biyu ko uku, ko kuma su nuna zumuɗin da zai sa mai kaya ya ƙi saukowa. Wasu kuma suna matsa wa ƙaramin ɗan kasuwa har ya rasa riba, kuma a ganina wannan gajeren tunani ne, domin mai kayan da ya san mutum a matsayin abokin ciniki na kullum shi ne ke zaɓar masa mai kyau, ya sanar da shi ranar da sabon kaya zai iso, ya kuma karɓi abin da aka dawo da shi ba tare da gardama ba.

Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma wannan ya fi fitowa fili a kayan da ake amfani da su kullum. Takalmin da kuɗinsa ya ninka na wani sau biyu amma ya yi shekara uku ya fi wanda ake sauyawa duk shekara sauƙi. A kayan gwanjo kuwa, musamman na lantarki, wajibi ne a kunna a gwada a gaban mai sayarwa, a kuma tambayi ko ana samun kayan gyaransa a kusa. Idan a intanet aka ga tallan, kada a tura kuɗi ga wanda ba a sani ba kafin a ga kaya ido da ido, musamman idan farashin ya yi ƙasa ƙwarai ko ana gaggauta mai saye da cewa wani na jira. Tsarin biya kaɗan-kaɗan shi ma sai an tara dukkan abin da za a biya, har da kuɗin ruwa da tarar jinkiri, a kwatanta shi da farashin kuɗi hannu kafin a sa hannu, kuma a nemi rasit da takardar garanti a adana su har wa'adinsu ya cika.