Yadda ake cire nauyin iska da na teku kafin a auna ruwan ƙarƙashin ƙasa da GRACE

Wani ƙanena da ke karatu a nan Jidda ya kawo mini zanen da ya yi da bayanan GRACE na ruwan ƙarƙashin ƙasa a yankin Tabuk da Jauf, yana murna wai ruwa na ƙaruwa duk hunturu. Ina gani na yi dariya, don ni ma wannan ramin na faɗa a shekarata ta farko. Iska ya auna, ba ruwa ba.

Fara da sanin abin da ake aunawa. GRACE taurarin ɗan'adam ne guda biyu da aka harba a Maris 2002, ɗaya na bin ɗaya da tazarar kusan kilomita 220. Sun yi aiki har 2017, GRACE-FO ya gaje su a Mayu 2018. Duk inda ƙasa ta fi nauyi sai ta ɗan fizgi na gaba, tazarar ta canza. Amma ba ruwansu da ko nauyin na mene ne; ruwa, iska, teku, duk ɗaya ne a wurinsu. Kuma sai sun yi wata guda suna kewayawa kafin a haɗa taswira ɗaya, alhali iska kan sauya cikin sa'o'i. In ba a cire ta tun farko ba, sai ta ɓata taswirar da wasu zane-zane daga arewa zuwa kudu.

Wannan cirewar ita ce aikin AOD1B, wato kundin bayanan nauyin iska da na teku, wanda cibiyar GFZ da ke Potsdam a Jamus take fitarwa. Suna ɗaukar bayanan yanayi na ECMWF, cibiyar hasashen yanayi ta Turai, su lissafa nauyin iska tun daga ƙasa har sama, sannan su ba manhajar teku ta MPIOM ƙarfin iskar da matsinta, ta nuna inda ruwa ya karkata. Sakamakon na nuna nauyin a kowane awa uku. Hawa da saukar teku na wata da rana ba sa ciki, lissafinsu daban ne.

Riƙe wannan a ka: matsin iska na hPa 1 (hPa ma'aunin matsin iska ne) ya yi daidai da nauyin ruwa mai kaurin kusan santimita 1. A tsakiyar Saudiyya kuwa, matsin Janairu ya fi na Yuli da sama da hPa 10, saboda zafin bazara. Ka ga inda "ruwan" ƙanena ya fito.

Sai ka sauke fayilolin wata-wata daga cibiyar CSR ko ta JPL da ke Amurka, ko GFZ. Za ka ga GSM, fayil ɗin taswirar nauyin ƙasa, wanda an riga an cire masa iska da teku. Kusa da shi akwai GAA na iska, GAB na teku, GAC haɗinsu, da GAD na matsin ƙasan teku. In kan tudu kake aiki, kamar ruwan ƙarƙashin ƙasa na Saq da gonakin Wadi Sirhan suke zuƙa, tsaya kan GSM kaɗai, kada ka mayar masa da komai. Shi ƙanena GAA ya ƙara, yana ganin cikawa ce.

In kuwa Bahar Maliya kake so, dole ka mayar da GAD, don abin da kake nema ne aka cire. Tekun nan yakan cika a hunturu ya ragu a bazara, gwargwadon yadda iska ke tura ruwa ta mashigar Babul Mandab. Sai dai siriri ne ga idon GRACE, wanda ba ya rarrabe abin da bai kai 'yan ɗaruruwan kilomita ba, saboda haka alamar tekun kan malalo kan gaɓa. Ni dai ba na yarda da lambar da ta fito kusa da Yanbu ko Jidda sai na gwada ta da ma'aunin rijiya.

Kada kuma ka haɗa GSM na fitowa ɗaya da GAD na wata fitowar. Duba lambar RL, wato lambar fitowar, a sunan fayil ɗin tukuna.