Kurakuran da ke sa a share ɗaki amma ya ƙi fita fes

Mutum zai kwashe awa biyu yana fama da ɗaki, ya yi gumi sharkaf, washegari ya shafa yatsa a kan tebur ya ga ƙura kamar ba a taɓa wurin ba. Yawanci ba lalaci ke jawo haka ba, ba kuma rashin kayan aiki ba. Dattin ne bai bar ɗakin ba, an dai tashe shi daga wani wuri ya sauka a wani. Kusan duk kurakuran masu koyon aikin gida nan suka dosa.

Babba a cikinsu shi ne farawa da ƙasa. Da an ce a gyara ɗaki, hannu tsintsiya yake nufa, domin dattin ƙasa ne ido ya fi gani. Sai an gama shara, wataƙila har an goge, sannan a hango yanar gizo-gizo a kusurwar silin, a tuna da saman wadrob. Duk abin da aka kakkaɓo kuwa kan ƙasan da aka gama zai zuba. Ka fara daga sama ka gangaro: silin da kusurwoyinsa, fanka, saman ƙofa da taga, labule, kan tebur da durowa, ƙasa a ƙarshe. Fanka tana da dabara. Ka kashe ta, ka zura kowane fiffike cikin tsohuwar rigar filo, ka matse da hannu biyu ka jawo a hankali. Ƙurar za ta tsaya cikin rigar maimakon ta zubo maka a ido da kan gado. In ka gama da sama, ka ba ɗakin kamar minti 15 kafin ka ɗauki tsintsiya, abin da ke yawo a iska ya samu ya sauka.

Tun kafin wannan ma akwai tarkace. Wanda ke goge tebur yana kewaya kwalaben mai da caja da littattafai, rabin tebur ya goge. A kwashe komai tukuna, kayan wanki su tafi kwando, shara ta tafi mazubinta, abin da ba na ɗakin ba ya koma inda ya fito.

Sai maganar tsumma, wadda mutane suka raina. Busasshen tsumma, musamman idan ana bugun kaya da shi fat-fat, ba ya ɗauke ƙura, watsa ta yake yi. Shi ya sa atishawa ke sarƙe mai aikin, mai asma kuma ya kwana yana tari. A jiƙa tsumman, a matse shi sosai har ya zama danshi ne kawai, ba ɗigar ruwa. Ka ninke shi biyu, ka sake ninkewa, ka samu fuska takwas ke nan. Wadda ta yi baƙi ka juya zuwa wata, in sun ƙare ka ɗauraye. Kuma a raba aiki: tsumman banɗaki ba ya hawa tebur, ko da an wanke shi. Launi daban-daban yana hana rikicewa. Madubi da fuskar talabijin ba a fesa musu ruwa kai tsaye, tsumman ake ɗan jiƙawa, don ruwan da ya gangara gefen madubi shi ke cinye bayansa ya bar baƙin tabo. Kayan wuta kuma a cire su daga soket kafin a taɓa.

A wajen goge ƙasa, gaggawa ce ke ɓata aiki. Ruwa a kan ƙurar da ba a share ba taɓo ne, mofa kuma sai ta bi ta shafe tayil da shi. Wasu kuma bokiti ɗaya suke ja tun daga farko har ƙarshe, ruwan ya koma ruwan ƙasa suna ta tsomawa. Bokiti biyu ake so, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraya, a canza na ɗaurayar da zarar ya gurɓace. Yawan sabulu ma ba gwaninta ba ne. Abin da ya rage a ƙasa bayan ruwa ya bushe yana danƙo, yana kama ƙura, shi ne za ka ji tafin ƙafa na mannewa. Ka fara daga lungun da ya fi nisa da ƙofa kana ja da baya, kada ka tsinci kanka a tsakiya dole sai ka taka inda ka goge.

Kuskuren da zai iya kai mutum asibiti shi ne gauraya magungunan tsafta, wai don su ƙara ƙarfi. Bilic, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta da sa fararen kaya haske, idan ya haɗu da ruwan khal, wato binega, ko da irin ruwan wanke masai mai asid, iskar kulorin yake fitarwa. Idan ya haɗu da amoniya, wadda ake samu cikin wasu ruwan goge gilashi, wata iska mai guba ce ke tashi, kuloramin. Dukkansu suna ƙona ido da maƙogwaro da huhu, balle a ɗakin da taga ke rufe. Bilic da ruwan sanyi kaɗai ake haɗa shi, daidai awon da aka rubuta a jikin robar, da safar hannu, taga a buɗe. In aka yi kuskuren haɗawa har ido ya fara yaji, a fita nan take a bar iska ta ratsa, wanda numfashinsa ya ƙi daidaita kuma a kai shi wurin likita. Ko bilic ɗin shi kaɗai, da yawa ba sa morarsa: ana zuba shi kan dauɗa alhali sai an wanke wuri da sabulu yake aiki sosai, ko a goge shi nan da nan ba a bar shi ya yi mintocin da aka ce ba. A ganina ma ɗakin kwana bai cika bukatarsa ba, sai in akwai mara lafiya. Sabulu da ruwa sun wadatar.

Gyara shimfiɗa daban, tsaftace gado daban. A katifa da filo ne wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani suke zama, suna cin ɓurɓushin fatar da ke zuba daga jikinmu, kashinsu kuma na tayar wa wasu da asma da mura. A wanke zanin gado da rigar filo duk mako. Ruwan da ya kai zafin digiri 60 a ma'aunin Celsius yana kashe ƙwarin, idan yadin zai jure. Katifa kuma ba a kwarara mata ruwa, don cikinta ba ya bushewa da wuri, daga nan sai fumfuna. A tsane tabo da ɗan danshi, a jingine ta ta sha iska. Yayin da take jingine, ga damar shiga ƙarƙashin gado.

Ana kuma manta wuraren da hannu ya fi taɓawa, don ba sa nuna datti: mariƙin ƙofa, makunnin wuta, rimot, hannun durowa. In ɗaki na wari, fesa ƙamshi ba ya raba shi da warin, a nemo tushensa, sau da yawa jiƙaƙƙen tawul ne ko takalmi ko kwandon shara. Kada kuma a rufe ƙofa da taga ƙasa na jiƙe.

Kayan aikin su ma sai an wanke su. Mofar da ta kwana cikin bokiti da ruwan datti, gobe warinta za ta shafa wa ɗakin gaba ɗaya. A wanke ta da sabulu, a matse, a rataye ta inda iska ke kaɗawa, a shanya tsummokaran, a cire gashi da zaren da suka naɗe a bakin tsintsiya, a zubar da ruwan bokiti a kife shi.