Yadda ake daidaita fom da taswirar waya don ƙidayar marasa matsuguni a Gusau

Ƙungiyar da ta yi niyyar ƙidaya mutanen da ba su da wurin kwana a Gusau, yawanci abin da ke fara zuwa hannunta shi ne fom ɗin da aka tsara don wata ƙasa. A Amurka, misali, ana yin irin wannan ƙidaya a dare guda cikin kwanaki goma na ƙarshen watan Janairu, kuma tambayoyinta sun fi karkata ga masu kwana a cikin mota da lambunan shaƙatawa da gidajen kwana na wucin gadi. Idan aka ɗauko wannan fom yadda yake, zai tsallake iyalin da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Maru ko Zurmi ko Tsafe suka raɓa a kangon wani, sannan ya ƙirga magidancin da zafi kawai ya fito da shi ƙofar gida da tabarmarsa. Manhajar cike fom a waya ita kanta ba ta da wuyar koyo. Ana buɗe asusu a KoboToolbox, manhajar tsara fom da tattara amsoshi ta intanet, wadda ƙananan ƙungiyoyi ke iya amfani da ita kyauta, a sauke KoboCollect, manhajarta ta cike fom, a wayar Android. Wahalar tana wajen sa fom ɗin ya san garin.

Kafin a taɓa kwamfuta, a zauna a yanke wanda za a ƙirga. A nawa ganin, kada a nemi ma'ana guda ta "marar matsuguni" a ɗora wa mai ƙidaya nauyin yanke hukunci a cikin duhu. A bar fom ɗin ya yi tambaya guda mai sauƙi, "Baba, a ina ka kwana jiya da dare?", ko "Inna, a ina kika kwana da yaran nan?", sannan a jera amsoshin da ake samu a gari: kangon da ba a gama gininsa ba, ajin makaranta, rumfar kasuwa, barandar shago, tashar mota, harabar masallaci, zauren wani, bukkar leda ko ta buhu, fili, da kuma "wani wuri dabam" mai buɗe layin rubutu. Tambaya ta biyu ita ce ke rarrabe mutane: me ya kawo shi nan, kuma yana da inda zai koma? Daga amsarta ake gane ɗan gudun hijira, da ɗan cirani da ya bar gidansa lafiya lau zai koma da faɗuwar damina, da ɗan kasuwar da dare ya yi masa, da mai gadin da shagon shi ne wurin aikinsa, da wanda ke shigowa gari ya kwana don tsoron hari ya koma gona da safe. Almajirai kuwa a ba su rukuni nasu, tare da tambayar ko a makarantar malaminsu suke kwana ko sun rabu da ita, domin haɗa su da sauran zai kumbura adadin har ya rasa amfani, cire su gaba ɗaya kuma zai ɓoye yaran da babu wanda ke kula da su.

Daga nan sai rubuta fom. Ana iya haɗa shi a shafin KoboToolbox kai tsaye, amma wanda zai riƙa gyara ya fi samun sauƙi da tsarin XLSForm, wato takardar Excel mai shafi uku: na tambayoyi, na zaɓin amsoshi, da na saituna. Wannan tsari yana karɓar harshe fiye da ɗaya, don haka a rubuta kowace tambaya da Hausa da Turanci, har da Fulfulde idan akwai buƙata, mai ƙidaya ya zaɓi harshe a wayarsa, amsoshin kuma su taru a wuri guda. Kada a bar wa masu ƙidaya aikin fassara a bakinsu, domin mutum goma za su yi tambaya iri goma. A sa wurin zaɓen ƙaramar hukuma daga cikin 14 na jihar Zamfara, a ɗaure shi da jerin gundumomi ta yadda wanda ya zaɓi Gusau zai ga Galadima da Madawaki da Mayana da Sabon Gari da Tudun Wada da sauran gundumominta kaɗai. A sa sharaɗin tsallake, don kada a tambayi ɗan cirani ranar da aka kai wa ƙauyensu hari, a kuma sa iyaka ga lambobi don kada yatsa ya zame a rubuta yara 40 a maimakon 4.

Akwai tambayoyin da ke tafiya daidai a takarda amma su cije a bakin mutane. Ranar haihuwa tana cikinsu, gara a yi rukunin shekaru. Fom ɗin ƙasashen waje yakan haɗa haruffan farko na suna da ranar haihuwa don gane wanda aka ƙirga sau biyu, wasu kuma kan so su cike gurbin da sunan mahaifiya. A nan kada a kuskura, domin baƙon da ya tsaya a kan mutum da dare yana tambayar sunan mahaifiyarsa, asiri za a fara zarginsa da shi. Harafin farko na sunan mutum, da na mahaifinsa, da garin da ya fito, da rukunin shekarunsa sun wadatar, a ƙara da tambayar ko wani ya riga ya yi masa waɗannan tambayoyi yau. Haka kuma alkunya takan hana mace ambaton sunan mijinta, wata ma ta tsallake ɗan fari idan tana lissafa 'ya'yanta, saboda haka a tambaye ta mutum nawa suka kwana tare da ita a wurin, mai ƙidaya kuma ya duba da idonsa. A buɗe fom ɗin da bayanin neman izini wanda ya faɗi ƙarara cewa wannan ba rajistar rabon tallafi ba ce, in ba haka ba kafin a gama layi guda unguwa ta cika da masu son a rubuta su. Ga wanda yake barci, ko mai taɓin hankali, ko wanda ya ƙi magana, a yi gajeren reshe na gani da ido: jinsi, ƙiyasin shekaru, irin wurin, a wuce ba tare da an tashe shi ba.

Sai taswira. Tambayar da ke kama wurin da mai ƙidaya yake tsaye ta GPS ana rubuta nau'inta da sunan geopoint, kuma manhajar takan jira har kuskuren auna wurin ya sauko zuwa mita 5 kafin ta kama da kanta. A ƙarƙashin rufin kwano na rumfunan kasuwa wannan jira yakan yi tsawo, don haka a sassauta shi zuwa mita 15 ko 20, a kuma koya wa mai ƙidaya ya fito fili ya kama wurin kafin ya shiga. Kama wuri daga tauraron ɗan adam yake zuwa, ba ya buƙatar sabis, amma hoton taswirar da ke bayansa yana buƙata. Wanda ya ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumban 2021 ba zai tsara aiki a kan zaton samun intanet ba. A buɗe QGIS, manhajar zana taswira a kwamfuta, a ɗauko tituna daga taswirar intanet ta OpenStreetMap da iyakokin gundumomi daga rumbun bayanan taswira na GRID3, a yanka gari yanki-yanki ta bin manyan tituna da layin dogo da kogi, a ba kowane yanki lamba, a fitar da taswirar a tsarin MBTiles, wanda ke buɗewa ba tare da intanet ba, a ɗora a kowace waya. Kowace tawaga yankinta daban, kuma lambar yankin ta zama tambayar dole a fom. Wuraren da za a fi mai da hankali a kansu, masu unguwa da limamai da shugabannin tasha da 'yan sintiri ne suka san su, su za a zauna da su a sa alama tun da rana.

A gwada fom ɗin a yanki guda kafin ranar aiki, a duba yawan waɗanda suka faɗa cikin "wani wuri dabam". Idan sun yi yawa, jerin amsoshin ne bai cika ba. A zaɓi dare a lokacin hunturu, wanda ba jajibirin cin wata babbar kasuwa ba, domin a bazara rabin gari a waje yake kwana. Tsakanin bayan isha'i da kiran sallar farko ne ake samun mutane a makwancinsu, sai dai lokacin fita da inda za a tsaya, da jami'an tsaro da masu gari ake yanke su, kuma yankin da ba ya shiguwa da dare a bi shi da sassafe, a rubuta hakan a fom. Kowace tawaga ta ƙunshi mace, da fawa bank, da tocila. A kunna ma'ajin lokacin farawa da gamawa, domin fom ɗin da aka cike cikin daƙiƙa 40 alama ce ta cewa a zaune aka ƙirƙire shi.

Bayan an tura bayanai, a tace masu maimaituwa ta haɗin nan na haruffan farko na suna da gari da rukunin shekaru, sannan a kula da abin da za a fitar. Taswirar da ta nuna ɗigo a kan kangon da mata da yara ke kwana, jagora ce ga mai ginin da ke son korarsu da kuma wanda ya fi shi mugun nufi. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai tattara bayani alhakin tsare shi. Saboda haka a cire tambayar hoto daga fom, a taƙaita masu izinin ganin amsoshi a asusun zuwa mutum biyu ko uku, a goge abin da ya rage a wayoyi, sannan a sa QGIS ya ƙirga ɗigon da ke cikin kowace gunduma. Adadin gunduma-gunduma, da rabe-raben da tambayar me ya kawo mutum wurin ta bayar, da jerin yankunan da ba a samu shiga ba, su ne za a miƙa wa hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha da sauran masu tsara taimako.