Kurakuran da baƙi ke tafkawa in sun nufi Wudil, da yadda za a kauce musu

Yawancin mutanen birnin Kano ta tagar mota suka san Wudil. Kana kan hanyar Dutse ko Azare ko Maiduguri, direba ya sassauta a bakin gada, masu talla su yanyame motar da soyayyen kifi da rake, ka miƙa kuɗi, a wuce. Shi ya sa ranar da aka ce mutum ya kai baƙo ya ga garin, ko ɗalibi ya yi rubutu a kansa, ko magidanci ya je sayen bijimi, sai ka ga ana ta tafka kurakurai, kuma kusan iri ɗaya kowa ke yi.

Babban cikinsu shi ne rashin duba rana. Kasuwar Wudil ranar Juma'a take ci, kuma karar shanunta tana cikin manya a ƙasar Kano. Mai son ganin kasuwa in ya zo ranar Talata, turaku zai tarar babu dabba, ya koma gida yana cewa ashe zuzutawa ce. Wanda kuma wucewa kawai zai yi, ko yaro zai kai makaranta, in ya ɗauko hantsin Juma'a zai sha zama a bayan tireloli. Daga birni, ta Hotoro da Mariri, tafiyar ba ta wuce kilomita 40 da 'yan kai ba, kuma in hanya a sake take ba ta cin awa guda. Ranar kasuwa kuwa kada ka yi wa kowa alkawarin lokaci. In kasuwar ka nufa, ka fito da an idar da sallar asuba, domin tun ranar Alhamis dabbobi ke fara sauka, kuma masu abin kirki ba sa jiran rana ta take. Ka sa sallar Juma'a a lissafinka, don ciniki yakan lafa a lokacin.

Cikin karar ma akwai nata. Ɗan birni yakan shiga da ƙafar cewa shi ba ya son dillali, wai don ya tsira da kuɗin la'ada. A ganina wannan tsimi ne mai tsada. Dillalin da aka sani a kara shi ne shaidarka cewa saniyar ba ta sata ba ce, shi ya san mai ita, shi za a nema in magana ta taso bayan kwana biyu. Ka yi ciniki a gabansa, ka karɓi takardar shaida kafin a ɗora dabbar a mota. Wani kuskuren shi ne taya dabbar da ba ka da niyyar saya, don kawai ka ji farashi. In ka taya aka ce albarka, kana da damar ƙarawa ko ka wuce. In aka ce an sallama kuwa, ciniki ya faɗa, janyewa abin kunya ne. Haka nan ba a tsoma baki a cinikin da wani yake kai, sai ya tashi. Kuma kada girman jiki ya ruɗe ka: a buɗe maka baki ka ga haƙora, a tayar da dabbar ta taka ka ga ƙafafunta, ka duba hanci da ido. Wanda bai iya bambance ire-iren shanu kamar bunaji da rahaji da bokoloji ba, babu laifi ya tafi da wanda ya iya.

Sai batun hanya. A Wudil titi ya rabu biyu: ɗaya ya bi ta Gaya zuwa Shuwarin, inda ake karkata Dutse ko a miƙe Azare da Potiskum, ɗaya kuma ya yi kudu ta Kachako zuwa Birnin Kudu da ƙasar Bauchi. Mai zuwa Dutse zai iya bin kowanne, tunda a ta biyun ma akwai hanyar Dutse daga Kwanar Huguma, amma wanda zai sauka a wani gari na tsakani dole ya tambayi ɗan kamasho ta ina motar za ta bi kafin ya biya. Matambayi ba ya ɓata. Ƙauyukan da ke nesa da kwalta kuwa babur ne abin hawansu, don haka a yi jinga tun kafin a hau, a kuma shirya da mai babur ɗin ya dawo ɗauka, musamman da damina.

Akwai masu sauka a tasha su ce wa ɗan acaɓa “kai ni makaranta”, alhali manyan makarantu biyu ne a garin kuma ba wuri ɗaya suke ba. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kano, wadda aka kafa a 2001 zamanin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na farko, aka sa mata sunan Aliko Dangote a 2022, tana kan hanyar Gaya. Akwai kuma makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda ta tarayya, wadda ta fara ɗaukar ɗaliban digiri a 2013. Ta biyun ba wurin yawon buɗe ido ba ce, kada ka ɗaga waya kana ɗaukar hoto a ƙofarta.

Wajen tarihi ne abin ya fi ɓata mini rai. Sai ka ga rubutu a kan Wudil ya faro daga kafa jami'a, kamar kafin nan daji ne. Wudil ƙasar Makaman Kano ce, kuma Makama ɗaya ne daga cikin masu zaɓen sarki huɗu na Kano, tare da Madaki da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Sarautar tana gidan Joɓawa, Fulanin da suka zauna a Utai, nan kusa da Wudil. Jagoransu a lokacin jihadi shi ne Malam Bakatsine, yana cikin malaman da suka yaƙi Sarkin Kano Alwali tsakanin 1804 da 1807. Wanda ya rubuta tarihin Wudil bai ambaci Utai ba, ya bar rabin labarin a ƙasa. Yankin ya sake shiga tarihi a yaƙin basasar Kano da ya faro a 1893, lokacin da Yusufawa, wato magoya bayan Yusufu mai neman sarautar Kano, suka fice daga birni bayan an naɗa Tukur sarki, suka kafa sansani a Takai. Yusufu ya rasu a Garko, Aliyu Babba ya karɓi jagoranci har ya ci birnin a 1894. Takai da Garko duk ba su da nisa da Wudil, kuma mai mota zai iya zagaya su a yini ɗaya.

Wani ruɗanin na kwanan nan ne. A 2019 gwamnatin Ganduje ta ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu, Bichi da Gaya da Ƙaraye da Rano, aka sa Wudil ƙarƙashin Gaya, abin da ya jawo ka-ce-na-ce. A 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke waccan doka, daga baya ta maido da Gaya a matsayin masarauta mai daraja ta biyu da ƙananan hukumomi uku: Gaya da Ajingi da Albasu. Babu Wudil a ciki. To duk rubutun da ka ɗauko a intanet, ka duba shekarar da aka yi shi kafin ka kwafa. Kuma in bincike kake yi, kada ka faɗa wa dattijo da na'urar ɗaukar murya kai tsaye. Ka fara da mai unguwa ko dagaci, ka cire takalmi, ka ce “Allah ya ja zamaninka”, ka faɗi wanda ya turo ka da abin da ya kawo ka. Shi zai haɗa ka da masu labarin. Ka ji daga gida fiye da ɗaya, domin kowane gida da inda yake sa kakansa a cikin labari.

Kogin kuma da yawa suna ɗaukarsa wani ruwa ne na Wudil kaɗai. Kogin Kano da kogin Chalawa ne suka haɗe a sama, suka biyo ta ƙarƙashin gadar Wudil, suka wuce Ringim da Haɗeja, har ruwan ya dangana da tafkin Chadi ta kogin Yobe. Da can in rani ya yi nisa yakan janye, sai yashi da 'yan kududdufai. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, da ta Chalawa da ke Ƙaraye wadda aka gama a 1992, su suka sa yake gudana rani da damina. Wannan yana da ma'ana ga baƙo: ruwan yana iya ƙaruwa ko da ba a yi sama a Wudil ba, saboda an saki madatsa ko an yi ruwa a kudu. Samari kan zo daga birni su tuɓe su faɗa inda suka ga kamar ba zurfi, ba su san masu haƙar yashi sun bar ramuka a ƙasa ba. Kada ka shiga sai ka tambayi masunta. In kwale-kwale za ka hau, ka ƙirga mutanen da ke ciki da idonka, in ya cika ka jira sahu na gaba. Hatsarin Bagwai na watan Nuwambar 2021, wanda ya ci rayukan mutane da dama, akasarinsu yara 'yan Islamiyya, lodi ne ya yi wa jirgin yawa. Watan Agusta zuwa farkon Satumba ba lokacin wasa a bakin kogin ba ne. Mai son ganin fadama da lambunan rani ya bari sai sanyi ya shigo. Kifi kuwa, in kana son ɗanye, tarwaɗa ko karfasa, ka je da safe lokacin da masunta ke fitowa.

A fannin wasa, kuskuren shi ne zuwa da damina ana neman dambe da kokawa. A ƙauyukan Kano waɗannan wasannin kaka ne, bayan an kai amfani gida, kuɗi ya shigo hannu, dare ya yi farin wata. Da damina kowa yana gona. Masu kallon dambe a waya ko a gidan damben Ado Bayero da ke Sabon Gari sukan zaci akwai jadawali a ƙauye ma. Babu. Mahauta da makaɗa su ne suka san inda za a yi da ranar da za a yi, don haka ka tambaya a rumfar mahauta ranar kasuwa. In ka je fage, ka sani turmi uku ake yi, kuma da hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa, wato an ci wanda ya faɗi. Kada ka tsallaka cikin fili don ɗaukar hoto, kuma in makaɗi ya wasa ka, ka yi masa liƙi ko da kaɗan ne. Sharo na Fulani ne, yana da nasa dokoki da nasa masu tsawatarwa, baƙo daga gefe yake tsayawa, kuma sai ya nemi izini kafin ya ɗauki bidiyo. Ƙwallo ce kaɗai ba ta da kaka: kowace la'asar akwai ta a filayen makarantu, ranar da Kano Pillars ko manyan ƙungiyoyin Ingila ke wasa kuwa sai ka je gidan kallo da wuri in kana son benci.