Yadda ake koyon karanta Hangul, rubutun Koriya

Wanda ya ga rubutun Koriya karon farko yakan zaci irin na Sin ne mai alamomi dubbai. Ba haka ba ne. Haruffan asali 24 ne, baƙaƙe 14 da wasula 10. Sarki Sejong ne ya samar da su a 1443, aka fitar wa jama'a a 1446, domin talaka ya iya karatu ba sai ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen haddar haruffan Sin ba.

Fara da wasula. Layi ne a tsaye ko a kwance, yawanci da ɗan guntun layi a jikinsa: ㅏ "a", ㅗ "o", ㅜ "u", ㅣ "i". Idan guntun ya zama biyu, an ƙara "y" ke nan: ㅑ "ya", ㅛ "yo". Biyu ne za su ba ka wahala, ㅓ da ㅡ, domin babu su a Hausa. Waɗannan sai ka saurare su daga bakin ɗan Koriya, ka yi ta maimaitawa.

Daga nan ka kama baƙaƙe biyar: ㄱ "g", ㄴ "n", ㅁ "m", ㅅ "s", da ㅇ. An zana su ne da siffar gaɓoɓin furuci. ㄴ harshe ne ya taɓa dasashi, ㅁ baki ne, ㅇ maƙogwaro. Yawancin sauran daga su suka fito ta ƙarin layi: ㄴ ya haifi ㄷ, ㄷ ya haifi ㅌ.

Sai haɗi, kuma a nan ya kamata ka fi daɗewa. Ba a jera haruffan kamar na boko, ana tara kowace gaɓa a ɗaki guda. ㅎ da ㅏ da ㄴ su ba da 한, "han". Lura da ㅇ: a farkon gaɓa ba a furta shi, a ƙarshe kuwa "ng" ne. Baƙin da ke ƙasan gaɓa, wanda suke kira batchim, sautuka 7 kawai yake fitarwa ko wane harafi aka rubuta.

Shawarata mafi girma: ka rabu da fassarar haruffan cikin boko da wuri, tana karkatar da harshe. Gwada kanka da kalmomin aro, irin su 커피 kofi, 버스 bas, 택시 tasi. Cibiyar Sarki Sejong tana da darussa a intanet, mazauna Abuja kuma suna da Cibiyar Al'adun Koriya inda ake koyar da harshen.