Kafinta da "carpenter": inda ake yawan tuntuɓe

A hanyar da nake bi zuwa wurin aiki akwai wani shago da aka rubuta wa allo da jan fenti: "Capinter and Funiture". Mai shagon ya san aikinsa, shi ya haɗa mini kantar littattafai, har yau ko girgiza ba ta yi. Amma kullum na wuce sai allon nan ya tsone mini ido. Ban cika ganin laifin wanda ya rubuta ba, abin da kunnensa ya ji shi hannunsa ya zana.

Turawan Ingila ba sa furta harafin r da ke cikin "carpenter", sai dai su ja wasalin farko, su kuma danne shi da ƙarfi. Daga bakinsu muka ɗauko kalmar, shi ya sa muke cewa kafinta ba tare da r ba. Amurkawa kuwa suna furta shi. Ko ma wane furuci ka zaɓa, a rubuce dole r ya fito sau biyu, ɗaya bayan a, ɗaya a ƙarshe, kuma wasalin tsakiya e ne, ba i ba. Sai tsohuwar matsalarmu ta p da f. Da Hausa kafinta daidai ne, ba mai yi maka gyara. In Turanci kake yi, haɗa leɓɓanka su rufe ruf kafin iska ta fita, kada "carfenter" ta kuɓuce maka.

Kuskuren da na fi gani a takardun ɗalibai shi ne haɗa mai sana'a da sana'ar. Yaro zai rubuta "My brother is learning carpenter", saboda a zuciyarsa "yana koyon kafinta" yake fassarawa. Sunan sana'ar "carpentry" ne, kuma a lura, babu harafin a tsakanin t da r. "Carpentary" ba kalma ba ce. Haka kuma "He is carpenter" ta gurgunce, sai an ce "He is a carpenter". Mace ma "carpenter" ake ce mata.

Wurin da ya fi daɗin tattaunawa shi ne ma'ana. A wajenmu, wanda ya buga rufin kwano, da wanda ya yi ƙofa, da mai haɗa gadon amarya, duk kafintoci ne. A Ingila ana rarrabewa. "Carpenter" shi ne mai aikin katako a wurin gini: ƙashin rufi, daɓen katako, kafa ƙofa a mazauninta. Wanda ke zaune a shago yana haɗa ƙofofi da tagogi da matakala "joiner" ne. Mai kayan ɗaki masu ƙyalli, irin su kabad da durowa, "cabinetmaker". A hira ta yau da kullum ba wanda zai kama ka in ka ce "carpenter", amma mai cike takardar neman aiki a waje gara ya san wanne ne shi. 'Yan uwanmu na Nijar sun san irin wannan rabon a Faransanci: "charpentier" na rufi, "menuisier" na ƙofa da kujera.

Inda ba na yarda ko kaɗan shi ne a kira masassaƙi "carpenter". Mutumin da ya durƙusa da gizago yana fafe turmi daga gungume guda, ko yana fere taɓarya da akushi da ƙotar fartanya, bai san zarto da ƙusa a aikinsa ba. Sana'arsa ta girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Da Turanci "woodcarver" ne, ko "carver" a taƙaice.

Akwai kuma masu zaton kalmar 'yar uwar "carpet" ce don sun yi kama. Ba su haɗa dangi ba. "Carpet" ta samo asali ne daga wata kalmar Latin mai nufin figa ko tsinko. Ita kuwa "carpenter" ta shigo Turanci wajejen shekarar 1300 ta hannun Faransancin Normawa, mutanen da suka ci Ingila da yaƙi a 1066. Su ma daga Latin suka gaje ta: "carpentarius", wato mai ƙera "carpentum", keken doki mai ƙafa biyu. Romawa kuma sun aro sunan keken ne daga mutanen Gol, tsoffin mazauna ƙasar da yau ake kira Faransa. Ke nan kafintan farko ba rufi yake bugawa ba, amalanke yake haɗawa.

Na taɓa gaya wa mai shagon nan wannan labarin, na kuma nuna masa allon. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai masu kawo mini aiki ba allon suke karantawa ba, kujerun da ke waje suke kallo." Bayan mako biyu dai na ga an cusa ƙaramin r tsakanin a da p, da baƙin fenti. Harafin i yana nan inda yake.